Yadda Za Ka Gane Ingantattun Shafukan Koyon Cinikin Zaɓi a Intanet

A ƴan shekarun nan da wuya matashin da ke riƙe da salula a Yamai ko a Tawa ya buɗe TikTok ko Facebook bai ci karo da wani mai alƙawarin koya masa yadda zai ninka kuɗinsa a kasuwar duniya ba, kuma cinikin zaɓi, wanda aka fi sani da opsiyon, yana cikin abubuwan da ake yawan tallatawa. Ilimi ne na gaske, ana koyar da shi a manyan jami'o'i, kuma akwai darussansa masu kyau a intanet waɗanda ba a biyan ko dala a kansu. Matsalar ita ce darussan kirki ba sa bin mutum da talla, na banza kuwa su ne ke cika masa waya. Ma'aunin da zan bi da kai a wannan jagora guda ɗaya ne: kafin ka amince da kowane shafi, ka san wane ne mai shi, kuma ta wace hanya yake samun kuɗi daga gare ka.

Mataki na farko: ka san abin da kake nema

Wanda bai san kamannin abu ba, komai aka miƙa masa zai karɓa. Zaɓi yarjejeniya ce da ke ba mai saye damar sayen wata kadara, ko sayar da ita, a kan farashin da aka tsayar tun farko, cikin wa'adi sananne, ba tare da an tilasta masa yin hakan ba. Yana biyan wani kuɗi domin samun wannan dama, kuma kuɗin ba ya dawowa. Iri biyu ne: zaɓin saye, da ƴan kasuwar ke kira kol, da zaɓin sayarwa, da suke kira put. Abin ya ɗan yi kama da ɗan kasuwar da ya je Galmi ya ba manomi kafin alƙalami domin a ajiye masa buhu ɗari na albasa a kan farashin yau har zuwa ƙarshen wata. Idan albasa ta yi tsada ya zo ya kwashi kayansa, idan ta faɗi ya bar wa manomi abin da ya bayar. Bambancin shi ne a kasuwar zaɓi ba a cire kuɗin da aka biya daga farashin kaya, kuma damar kanta ana sayar da ita daga hannu zuwa hannu.

Ga lissafin da ya kamata ka iya yi da alƙalami kafin ka wuce gaba. A kasuwannin Amurka, kwangila ɗaya ta zaɓi tana wakiltar hannun jari 100. Mu ɗauka hannun jarin wani kamfani yana kan dalar Amurka 50, ka sayi zaɓin saye a kan farashin 55, ka biya dala 2 a kan kowane hannu. Abin da ya fita daga aljihunka dala 200 ne, wato sama da jika ɗari na sefa. Idan ranar ƙarewa ta zo farashin yana 60, kwangilarka ta kai dala 500, ribarka 300. Idan yana 57, ba ka ci ba kuma ba ka faɗi ba. Idan kuwa ya tsaya a 54, to kuɗinka ya tafi gaba ɗaya, duk da cewa hasashenka na tashin farashi ya yi daidai. Shi kuma wanda ya sayar maka da zaɓin ba tare da yana riƙe da hannun jarin ba, ya karɓi dala 200, amma idan farashin ya haura zuwa 80 asararsa za ta kai 2,300, kuma babu wata iyaka da ta hana ta wuce haka. Duk malamin da ya yi darasi goma bai nuna maka wannan ɓangare na ƙarshe ba, bai cancanci ka ba shi lokacinka ba.

Mataki na biyu: ka raba zaɓi na gaske da caca

A nan ne mafi yawan mutanenmu ke faɗawa rami, saboda haka zan daɗe a kai. Yawancin manhajojin da ake tallatawa da sunan opsiyon ba cinikin zaɓi suke yi ba. Abin da suke yi shi ne wanda ake kira opsiyon binar: ka sa kuɗi ka ce farashin zinariya ko na yuro zai hau ko zai sauka cikin minti ɗaya ko biyar, idan ka dace a ba ka ƙari, idan ka kuskure a cinye abin da ka sa. Babu kadarar da kake da damar saye, babu wata kasuwa da aka kai odarka, kuma a mafi yawan lokuta mai manhajar shi ne abokin karawarka, wato asararka ita ce ribarsa.

Dubi lissafin da kyau. A ce manhajar tana biyan kashi 80 cikin ɗari ga wanda ya dace. Ka sa sefa 10,000 sau goma, ka dace sau biyar, ka kuskure sau biyar. Ka samu 40,000, ka rasa 50,000. Ko da sa'arka ta zo daidai rabi da rabi, kana ƙasa da 10,000, kuma kafin ka tsaya a kan uwar kuɗinka kawai sai ka riƙa dacewa fiye da sau 55 cikin kowane 100. A kan motsin farashi na minti ɗaya babu wani ilimi da ke tabbatar da haka. Wannan ne ya sa hukumar kula da kasuwannin kuɗi ta Tarayyar Turai, ESMA, ta haramta sayar da irin wannan haja ga talakawan masu zuba jari a watan Yuli na 2018, hukumar FCA ta Ingila ta mayar da haramcin na dindindin a 2019, majalisar dokokin Isra'ila kuma, ƙasar da kamfanonin suka daɗe da yin sansani a cikinta, ta rufe sana'ar tun 2017. Da aka kore su daga can, sai da yawa suka yi rajista a ƙananan tsibirai suka juyo da tallarsu Afirka da Asiya. Saboda haka idan ka ga shafi yana koyar da zaɓi amma allon da yake nunawa maɓalli biyu ne kawai, kore da ja, da agogo mai ƙirga daƙiƙoƙi, rufe shi.

Mataki na uku: ka fara daga tushe

Kasuwar zaɓi mai tsari ta fara ne a Shikago a watan Afrilu na 1973, lokacin da aka buɗe kasuwar CBOE da zaɓin saye a kan hannun jarin kamfanoni 16, aka ƙara zaɓin sayarwa a 1977. A shekarar 1973 ɗin ce Fischer Black da Myron Scholes suka wallafa lissafin da ake kimanta farashin zaɓi da shi, aikin da ya sa aka ba Scholes da Robert Merton lambar Nobel a 1997, bayan rasuwar Black. Amfanin wannan tarihi a gare ka shi ne ya nuna maka cibiyoyin da suka gina kasuwar, domin su ne suka fi cancanta ka fara karatu a wurinsu.

Na farko shi ne OCC, cibiyar da ke tsayawa tsakanin mai saye da mai sayarwa a duk cinikin zaɓin hannun jari a Amurka. Tana da wata takarda mai suna Characteristics and Risks of Standardized Options, wadda doka ta wajabta wa kowane dillali ya ba abokin cinikinsa kafin ya buɗe masa asusun zaɓi. Kyauta ce a shafin theocc.com. Ba ta da daɗin karatu, amma a ganina babu rubutun da ya fi ta gaskiya a wannan fanni, domin an rubuta ta ne don a gargaɗe ka. Na biyu shi ne Options Industry Council, wanda aka kafa a 1992 kuma OCC ke ɗaukar nauyinsa. A shafinsa na optionseducation.org akwai darussa daga matakin farko, da bidiyo, da na'urar lissafi da za ka riƙa sauya wa'adi da farashi kana ganin yadda kuɗin zaɓi ke motsi. Cboe ma tana da sashen koyarwa mai suna Options Institute, haka CME Group ga mai son sanin zaɓi a kan masara, alkama, ɗanyen mai da zinariya. Sai dai ka tuna cewa kasuwannin nan suna cin riba idan ciniki ya yawaita, don haka bayanansu na yadda abin ke aiki sahihai ne, amma ba su ne za su ce maka ka haƙura ba.

Masu cewa ka yi hattara su ne hukumomin sa ido. Shafin investor.gov na hukumar SEC da shafin FINRA suna da bayanai gajeru a kan zaɓi da dabarun ƴan damfara. Duk waɗannan da Ingilishi suke, kuma na san yawancinmu da Faransanci muka yi karatu. Ga mai Faransanci, shafin hukumar AMF ta Faransa, amf-france.org, yana da sashe na musamman domin masu ajiya, sannan shafin La finance pour tous yana bayani da harshe mai sauƙi, Euronext kuma, wadda ake cinikin zaɓi a kasuwarta ta Faris, tana da nata takardun. Shawarata ita ce ka fahimci ma'anar da Faransanci, sannan ka daure ka koyi kalmomin Ingilishi na fannin, saboda allon kowane babban dillali da su yake magana.

Mataki na huɗu: darussan jami'a da littafi guda

Jami'ar Yale ta saki darasin Robert Shiller a kan kasuwannin kuɗi kyauta, ana samunsa a YouTube da Coursera, kuma MIT OpenCourseWare tana da laccocin Andrew Lo waɗanda suka haɗa da zaɓi. Khan Academy ta fi su sauƙi ga wanda ya daɗe da barin lissafi. Littafin da ake koyarwa da shi a yawancin jami'o'i shi ne na John Hull, malami a Jami'ar Toronto, kuma an fassara shi zuwa Faransanci. Ɗalibin sashen tattalin arziki a Jami'ar Abdou Moumouni ko a jami'ar Tawa zai iya tambayar malamansa ko ɗakin karatu. Tunda mega tana da tsada kuma wuta ba ta da tabbas, ya fi kyau ka sauke takardu da bidiyo a lokacin da ka samu intanet mai ƙarfi, ka karanta su a natse daga baya.

Ka bi tsari wajen karatun. Fara da hannun jari kansa, domin wanda bai san abin da ke motsa farashin kamfani ba, ba zai gane zaɓin da aka ɗora a kansa ba. Daga nan ka koyi zana hoton riba da asara na matsayi huɗu: sayen kol, sayar da kol, sayen put, sayar da put. Sai ka shiga yadda lokaci ke cinye darajar zaɓi kullum, da yadda tsammanin girgizar farashi ke sa shi tsada ko araha, sannan ma'aunan da ake kira da haruffan Girka, irin su delta, gama da teta, tare da wani mai suna bega. Dabarun haɗa kwangiloli biyu ko huɗu su ne na ƙarshe. Shafin da ya fara maka da su tun ranar farko yana son ya burge ka ne.

Mataki na biyar: yadda za ka auna malamin YouTube ko Telegram

Ba duka masu koyarwa a kafafen sada zumunta ne maƙaryata ba, akwai masu bayani mai kyau ƙwarai, amma sai ka iya tacewa. Abu na farko, duba ƙasan bidiyon. Idan akwai mahaɗar da ake cewa ka bi ka buɗe asusu, da lambar da za ka saka a ba ka kyauta, to ka sani dillalin yana biyan malamin a kan kowane mutum da ya kawo, wani lokaci ma a kan yawan abin da mutumin ya zuba. Wannan kaɗai bai mayar da shi ɓarawo ba, amma mai gaskiya yana faɗin hakan da bakinsa. Abu na biyu, nemi inda ya yi maganar asara. Hotunan allo masu nuna riba ba hujja ba ne, domin ana iya ɗaukarsu daga asusun gwaji ko a gyara su cikin minti biyu. Abu na uku, saurari alƙawarinsa: duk wanda ya ce riba tabbas ce, ko ya yanka maka kashi kaza a kowane mako, ya saɓa wa abin da aka sani game da kasuwar.

Kuma abin da aka sani ba ɓoyayye ba ne. Hukumar SEBI ta Indiya, ƙasar da ƙananan ƴan kasuwa suka fi tururuwa zuwa cinikin zaɓi, ta fitar da bincike a watan Satumba na 2024 wanda ya nuna cewa kashi 93 cikin ɗari na ɗaiɗaikun masu cinikin zaɓi da kwangilolin gaba, wato alƙawarin saye ko sayarwa a wata rana mai zuwa, sun yi asara a cikin shekaru uku da aka duba. Tun 2014 AMF ta Faransa ta samu cewa kashi 89 cikin ɗari na masu cinikin canjin kuɗi da CFD, wato cinikin bambancin farashi ba tare da mallakar kadara ba, sun yi asara cikin shekaru huɗu. Waɗannan mutane ne masu intanet mai sauri da dillalai masu lasisi a ƙasashensu. Ka riƙe alƙaluman nan biyu a ka, ka auna maganar kowane malami da su.

Akwai wata hanya da ta zama ruwan dare, kuma yana da kyau ka san yadda take tafiya. Ana saka ka cikin zauren WhatsApp ko Telegram kyauta, kullum ana turo hotunan waɗanda wai sun cire kuɗi. Bayan ɗan lokaci a ce akwai zaure na musamman da ake ba da sigina, wato a faɗa maka lokacin saye da sayarwa, kuɗin shiga kaza. Daga nan wani ya yi maka magana a keɓe ya ce ka turo jari ta kamfanin aika kuɗi ko ta waya zuwa sunan wani mutum, shi zai juya maka. Shafin zai nuna kuɗinka yana hauhawa. Ranar da ka nemi cirewa sai a ce ka fara biyan haraji ko kuɗin buɗe asusu. Babu dillali mai lasisi da ke karɓar jari da sunan mutum ɗaya, kuma babu wanda ke neman sabon kuɗi kafin ya ba ka naka.

Mataki na shida: bincika lasisi da kanka

Kada ka yarda da tambarin hukuma da aka liƙa a ƙasan shafi, kowa na iya liƙa shi. Kwafi sunan kamfanin da lambar lasisin, ka je shafin hukumar ka nema. Na Amurka ana duba su a brokercheck.finra.org, ko a rumbun BASIC na hukumar NFA. FCA tana da rajista da jerin gargaɗi, AMF tana da baƙin jerin shafukan da ba su da izini, wanda ake sabuntawa a kai a kai. Ka gwada adireshin intanet harafi da harafi, domin ƴan damfara kan kwaikwayi sunan kamfani mai lasisi su sauya harafi ɗaya kawai. Rashin ganin suna a baƙin jeri ba ya nufin kamfanin na kirki ne. Abin da ake nema shi ne ganinsa a rajistar masu izini.

A yankinmu hukumar da ke sa ido ita ce AMF-UMOA, wadda a da ake kira CREPMF, mai mazauni a Abijan, kuma ita ke ba kamfanonin dillanci da ake kira SGI lasisi. Kasuwar BRVM, da ƙasashe takwas na UEMOA suka yi tarayya a kanta, ta fara aiki a 1998, tana da ofishi a Yamai, kuma abin da aka san ta da shi shi ne hannun jari da takardun bashi. Wanda yake son ya taɓa kasuwa da hannunsa a karon farko, nan ne ya fi kusa da shi, da sefa, ƙarƙashin dokar da zai iya kai ƙara a gabanta. Game da fitar da kuɗi waje kuwa, dokar musayar kuɗi ta UEMOA ta ɗora sharuɗɗa da neman izini a kan mazaunin yankin da ke son buɗe asusu ko zuba jari a ƙasar waje, don haka ka tambayi bankinka tun kafin ka cike kowace takarda.

Mataki na bakwai: tambayar malamai

Mafi yawan masu karanta wannan Musulmi ne, kuma ba daidai ba ne a tsallake batun. Majalisar Fiƙihu ta ƙasa da ƙasa da ke ƙarƙashin ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992, ta yanke cewa kwangilolin zaɓi kamar yadda ake yin su a kasuwannin duniya ba su halatta ba, saboda abin da ake sayarwa ba dukiya ba ne, ba amfani ba ne, ba kuma haƙƙin da ya halatta a karɓi kuɗi a kansa ba. Ma'aunan AAOIFI, cibiyar tsara ƙa'idojin harkar kuɗi ta Musulunci da ke Baharain, sun bi wannan matsayi. Akwai masana da suka nemi kwatanta shi da cinikin arbun, wato na kafin alƙalami, wanda Hambaliyya suka halatta, Malikiyya kuma suka hana. Hukunce-hukuncen suna nan a shafukan cibiyoyin biyu, ka karanta su daga tushe, ka kai wa malamin da ya san fiƙihun ciniki tare da bayanin yadda kwangilar take. Sanin ilimin kansa yana da amfani ga ɗalibin tattalin arziki da ma'aikacin banki da ɗan jarida ko da ba za su taɓa sayen kwangila ɗaya ba.

Mataki na takwas: gwaji ba tare da kuɗi ba

Manyan dillalai irin su Interactive Brokers da Charles Schwab suna da asusun gwaji da ake ciniki da kuɗin bogi a kan farashin kasuwa, sai dai kowane kamfani yana da jerin ƙasashen da yake karɓa, ka duba a shafinsa. Idan ba ka samu ba, littafin rubutu ya isa: teburin farashin zaɓi yana fitowa kyauta, da ɗan jinkiri, a shafin Cboe da Yahoo Finance. Kasuwar New York tana buɗewa da ƙarfe 2:30 na rana agogon Nijar daga Maris zuwa farkon Nuwamba, da 3:30 a sauran watanni, don haka ma'aikaci ma zai iya leƙawa bayan ya tashi daga aiki.

A kowane gwaji ka rubuta kwanan wata, da kwangilar da ka zaɓa, da dalilinka, da mafi girman asarar da za ta iya faruwa, duk kafin ka ga sakamako. Yi amfani da farashin da mai sayarwa ke nema idan kana saye, da wanda mai saye ke tayawa idan kana sayarwa, domin tazarar da ke tsakaninsu kuɗi ce da ke fita daga jikinka, sannan ka cire ladan dillali da kuɗin canji daga sefa zuwa dalar Amurka da dawowa. Ci gaba da haka na tsawon watanni, har ka ratsa lokacin da kasuwa ke hawa da lokacin da take faɗuwa, kuma ka bar kwangilolin su kai ranar ƙarewarsu domin ka ga da idonka yadda darajarsu ke zubewa a makon ƙarshe. Idan ka tara sakamakon, ka gwada shi da abin da za ka samu da a ce hannun jarin kawai ka saya ka ajiye tsawon wannan lokaci.